BABI NA UKU: MATSAYIN BUHUN ATISAYE A TARIHIN DAMBE A YANKIN BATA, KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba yadda hanyar koyon dambe ta sauya a Kano, ta hanyar bin diddigin kayan aiki guda ɗaya, wato buhun da ake ratayewa ana naushi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, buhu ya raba koyo da faɗa, abubuwa biyu da suke haɗe a damben Bahaushe tun asali. Wannan rabuwa tana da amfani ga lafiyar ɗan dambe da gyaran hannunsa, amma kuma tana da iyakar da ba za ta iya tsallakewa ba.

3.1 Yankin Bata

Bata mahaɗa ce ta hanyoyi da kasuwanni a tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma ta samo sunanta ne daga kantin takalma na kamfanin Bata, wanda aka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a shekarar 1894. Fagge tsohon zango ne na ayarin fatake da Buzaye a wajen ganuwar birni. Shi kuwa Sabon Gari, Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi bayan sun ci Kano a 1903 da kuma isowar layin dogo a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ke nan a nan ne al'adun ƙasar Hausa da baƙin al'adu suka fi gogayya da juna. A wannan yanki ne kuma filin Ado Bayero Square yake, wanda ya yi suna wajen damben gargajiya.

3.2 Yadda Ake Koyon Damben Gargajiya

Dambe tsohon wasa ne a Kano. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya sauka a birnin a 1824, ya biya wuri 2,000 aka kawo masa 'yan dambe ya kalla. Ya bayyana cewa sun zo ne tare da makaɗa da taron mahauta, kuma hannu ɗaya kawai suke naɗewa da tsumma. Ya ce sai da ya gargaɗe su kada su yi faɗan da gaske, saboda labarin haɗarinsa da ya ji. Wannan bayani ya nuna cewa dangantakar dambe da fawa, da kiɗa, da ɗaure hannu ɗaya, sun girmi zuwan Turawan mulki nesa ba kusa ba.

A bisa al'ada, ɗan dambe yana ɗaure hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, wannan shi ne mashinsa, ɗaya hannun kuma yana miƙa shi gaba a buɗe a matsayin garkuwa. Ana yin turmi uku, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne ya yi kisa. Babu wata makaranta ta daban da ake shiga domin koyo. Yaro yakan fara ne da damben dandali tsakaninsa da tsararrakinsa, daga nan ya bi wani babban ɗan dambe yana riƙe masa kaya, yana kallon yadda yake tsayuwa da yadda yake kai hannu, musamman lokacin kaka da ake yawon garuruwa. Shi ya sa har yau ake jin sunaye irin su Shagon wane ko Autan wane, domin kowa yana jingina kansa da ubangidan da ya rene shi. Ƙarfin jiki kuwa daga noma da fawa da sauran ayyukan ƙarfi yake samuwa. A taƙaice, jikin abokin karawa shi ne allon da ake koyo a kansa, kuma duk kuskuren da mutum ya yi, da jininsa yake biya.

3.3 Zuwan Damben Boksin

Damben boksin na zamani ya ginu ne a kan dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867, waɗanda suka tilasta sanya safar hannu, suka kuma ƙayyade minti uku ga kowane turmi da hutun minti ɗaya a tsakani. Wasan ya shigo Nijeriya a zamanin mulkin mallaka ta barikokin soja da na 'yan sanda, da makarantu, da ƙungiyoyin matasa na birane. Bai zo shi kaɗai ba, ya zo ne da tsarin horo: gudu, da tsallen igiya, da naushin iska, da naushin buhu. Shi kansa buhun ya girmi waɗannan dokoki, domin tun zamanin Girkawan dauri 'yan dambe suna rataye salkar fata mai cike da yashi ko gari suna duka.

Darajar wannan tsari ta fito fili ne lokacin da 'yan Nijeriya suka fara cin kambun duniya. Hogan Bassey ya doke Cherif Hamia a Faris a 1957, daga baya kuma ya dawo gida ya zama mai horar da 'yan boksin na ƙasa. Dick Tiger ya doke Gene Fullmer a Amurka a 1962, ya sake doke shi a filin Liberty na Ibadan a 1963. Haka kuma lambar yabo ta farko da Nijeriya ta samu a gasar Olamfik ta boksin ce, wadda Nojeem Maiyegun ya ci a Tokiyo a 1964. Ita ma Jamhuriyar Nijar ta samu tata ta farko ne ta hannun ɗan boksin Issaka Dabore a 1972. Waɗannan nasarori sun nuna wa matasa cewa ana iya gina ɗan dambe a ɗakin atisaye kafin ya taɓa shiga fage.

3.4 Abin da Buhu Yake Koyarwa

Babban abin da buhu ya kawo shi ne maimaici. Naushin da mutum zai jarraba sau uku ko huɗu a fage, zai iya maimaita shi sau ɗari a jikin buhu ba tare da an fasa masa baki ba. Masu horarwa sukan kula da abubuwa huɗu.

Na farko shi ne tushen ƙarfi. Naushi mai nauyi ba daga damtse yake fitowa ba, daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta juyin ƙugu da kafaɗa, sannan ya sauka a dunƙule. Buhu yana tona asirin wanda bai gane haka ba: idan yana ta lilo sosai, alama ce ture shi ake yi, ba duka ba. Naushi mai kyau yakan lotsa buhun ne nan take, hannu kuma ya koma wurinsa.

Na biyu shi ne saukar hannu. Ana so wuyan hannu ya miƙe sambal, dukan kuma ya sauka a kan gaɓoɓin manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Wanda ya saba saukar da shi ta gefen ƙaramin yatsa yana iya karya ƙashin da ke bayansa, karayar da likitoci suka laƙaba wa sunan 'yan boksin. Wannan ya shafi ɗan damben gargajiya ƙwarai, domin hannu ɗaya ne jarinsa, kuma naushinsa yakan zo ne a shafce daga gefe.

Na uku shi ne tazara da tsayuwa. Mai atisaye yana zagaya buhu, ya shiga ya fita, ya kai hannu a lokacin da buhun yake dawowa, ba tare da ya sauke kariyarsa ko ya jingina da shi ba.

Na huɗu shi ne numfashi, wato fitar da iska tare da kowane naushi, da yin aiki bisa agogo, minti uku na duka da minti ɗaya na hutu.

Bugu da ƙari, abin da aka ɗura a buhun yana da muhimmanci. Zallar yashi yakan taru a gindi ya daskare kamar dutse, ya illata gaɓoɓi. Shi ya sa aka fi son a cika shi da ƙyallaye, abin da ba ya wuya a unguwar ɗinki irin Fagge da ke maƙwabtaka da Kantin Kwari. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nauyin buhu ya kai kimanin rabin nauyin mai dukansa.

3.5 Iyakar Buhu

Duk da haka, buhu ba ya ramawa. Ba ya kaucewa, ba ya yaudara, kuma ba ya kai ƙafa, alhali a damben gargajiya ana shuri. Haka nan an tsara yawancin atisayen buhu ne domin mai hannu biyu da ke jera naushi a kusa, shi kuwa ɗan damben Bahaushe yana buɗe ƙafafu ne, ya auna tazara da garkuwarsa, ya yi haƙuri har ya samu kafar da zai saki mashi sau ɗaya. Wanda ya kwaikwayi atisayen boksin ido rufe zai iya samun ƙarfi da numfashi, amma ya rasa wannan haƙuri da karatun abokin gaba, waɗanda sai a fage da hannun ubangida ake samunsu.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa dambe iri biyu ne suka haɗu a yankin Bata, kowanne da hanyarsa ta koyo. Buhu ya rage farashin kuskure, ya kuma ba da damar gyara hannu kafin karawa, amma bai maye gurbin ubangida ba. Babi na gaba zai dubi matsayin makaɗa da kirari wajen shirya zuciyar ɗan dambe, wato ɓangaren horon da babu buhun da zai iya bayarwa.