Daga Jabun Murjani Zuwa Daimon Ƙirar Hannu

Tun kafin Shehu Usmanu ya tashi daga Sifawa ta ƙasar Boɗinga a 1815, fatake suna ƙetaro Sahara da duwatsun ƙarau na birnin Banis, masu launin murjani. Shari'a ba ta hana ado da su ba. Abin da ta hana shi ne algus, watau sayar da ƙarau da sunan murjani.

Sha'anin daimon ya fi wannan sarƙaƙiya. Wanda kamfanin General Electric ya ƙera a Amurka a 1954 ba jabu ba ne, gama sinadarinsa ɗaya da na haƙowa. Zirkoniya kuwa, wadda ta shiga kasuwa a 1976, kwaikwayo ce tsantsa. Mai haɗa lefe a Shagari ba shi iya rarrabe ukun nan da ido, sai dai ya dogara ga amanar ɗan koli.