Maƙerin da Ya Sake Ɗaukar Masaba: Waiwaye Kan Masu Zanen Oshogbo

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami don ya tsara waƙa, ko ya zauna gaban farar takarda don ya zana wani abu, ya san akwai lokacin da basira kan yi ƙaura ta bar mutum da kayan aiki a hannu. Ƙwararre yana da makarantar da ta hore shi, yana da abokan sana'a da masu jiran aikinsa, saboda haka ko ya ƙi ko ya so sai ya koma bakin aiki. Amma wanda yake yi don sha'awa kurum, in ya ajiye ya ajiye ke nan, ba mai zuwa ya tambaye shi dalili. Irin waɗannan mutane ne muke son mu waiwaya a garin Oshogbo na ƙasar Yarbawa, tsakanin 1960 da 1966, domin abin da ya faru a can ya nuna mana ta wace ƙofa basira kan komo.

Masu karatun tarihi sun fi sanin Oshogbo da yaƙin da aka gwabza wajejen 1840, inda mayaƙan Ibadan suka tare dawakin Ilori. Bayan shekara ɗari da ashirin garin ya zama na 'yan kasuwa da tashar jirgin ƙasa, ba shi da jami'a, ba shi da makarantar koyon zane. A cikinsa akwai wani maƙeri, Asiru Olatunde, wanda aka haifa a 1918 a gidan da ƙira ta zama gado. Wajen 1960 rashin lafiya ta raba shi da maƙera. Wanda ya san ƙirar baƙin ƙarfe ya san abin da take nema ga mutum: zafin wuta, da zugazugi, da ɗaga masaba tun safe har yamma. Jikinsa ya kasa, ya haura shekara arba'in, ga iyali. Abin da ya rage masa shi ne 'yan ƙananan kayan ado na jan ƙarfe, irin su 'yan kunne, waɗanda ba su bukatar ƙarfi.

A lokacin akwai Turawa biyu zaune a garin: Ulli Beier, haifaffen Jamus, wanda ya zo Jami'ar Ibadan a 1950 yana aiki a sashen karantar da mutanen gari, da Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya, mai zane. Su ne suka ga ƙananan ayyukan Asiru, suka ƙarfafa masa gwiwa ya faɗaɗa su. Daga siffofin dabbobi sai ya koma ga fallayen goran ruwa. A nan ne, a ganinmu, asirin al'amarin yake. Goran ruwa ƙarfe ne mai taushi, mai araha, ana sarrafa shi da sanyinsa, ba sai an hura wuta ba. Mutumin da ba ya iya tsayuwa gaban uwar maƙera yana iya zama a ƙasa ya shimfiɗa falle, ya riƙa ƙwanƙwasa shi a hankali har siffa ta taso, sa'an nan ya cike filin da ya rage da ɗige-ɗige. Hannun dai na maƙeri ne, idon ma na maƙeri ne. Ƙarfen kaɗai aka sauya. Ya ƙera tatsuniyoyin Yarbawa da bukukuwansu, da itatuwa da namun daji, kai har da labaran Littafi Mai Tsarki, ko da yake shi Musulmi ne. Bai daina ba sai da rai ya yi halinsa a 1993.

Labarin Asiru na mutum ɗaya ne. Abin da ya mai da shi na jama'a shi ne ƙungiyar Mbari Mbayo, wadda Duro Ladipo, shahararren mai wasan kwaikwayo, ya buɗe a gidan mahaifinsa a 1962 tare da Beier, bisa koyi da ƙungiyar Mbari da marubuta suka kafa a Ibadan a 1961. Ita kalmar mbari ta Ibo ce, amma mutanen Oshogbo suka ji ta da kunnen Yarbanci, suka ƙara mata mbayo, ta ba da ma'anar in na gani zan yi murna. A nan aka shirya gajerun tarurrukan koyon zane. Denis Williams, mutumin Gayana, ya jagoranci na farko-farko, inda Jacob Afolabi da Rufus Ogundele suka fito. Amma wanda ya fi yin suna shi ne na 1964, wanda Georgina Beier ta gudanar. Ita Baturiyar Ingila ce, ta zauna a Zariya tun 1959 kafin ta sauka Oshogbo a 1963.

Kwana biyar kacal aka yi. An buɗe ƙofa ga duk mai so, an ba shi takarda da fenti mai araha da burushi, ba a kuma kafa masa wani abu a gaba an ce ya kwaikwaya ba. Georgina takan zaga tana dubawa, inda ta ga wani abu na ƙashin kan mutum ya leƙo sai ta nuna masa shi. Daga baya ta zaɓi 'yan kaɗan ta ci gaba da aiki da su, tana koya musu buga zane da na'ura. Yawancinsu 'yan wasan Duro Ladipo ne, waɗanda tsakanin wannan wasa da wancan ba su da abin yi, ba su da abin sawa a aljihu.

In muka bi su ɗaya-ɗaya sai mu tarar da abin da muka gani ga Asiru. Jimoh Buraimoh mai gyaran lantarki ne, shi ke kula da fitilun dandalin wasa. Da ya kama zane sai ya ɗauko duwatsun ado irin waɗanda ake yi wa kambin sarakunan Yarbawa kwalliya da su, ya riƙa jera su a kan katako. Muraina Oyelami makaɗi ne. Adebisi Akanji, wanda ya bi ta hannun Wenger, birkila ne, kuma da siminti ya yi ayyukansa a kurmin Oshun, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Shi kuwa Taiwo, wanda duniya ta sani da Twins Seven-Seven, rawa yake yi wa masu tallar magani a kasuwanni. Georgina ta lura fenti bai karɓe shi ba, ta miƙa masa alƙalami da tawada, sai ga dodanni da aljanu irin na littattafan Amos Tutuola suna fitowa, kowane lungu na takarda cike da ƙananan zane-zane. Ba wanda aka ce wa ya manta da abin da ya taso da shi.

Ba kowa ya yi na'am da wannan ba, kuma bai kamata mu rufe kunne ga masu suka ba. A Zariya, ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiyarsu tun 1958, sun kuma share shekaru suna koyon sana'ar bisa ƙa'ida. Da yawa daga masu irin wannan horo sun ga abin Oshogbo tamkar raini ne: yaya za a ce kwana biyar sun haifi mai zane? Suka ce Turawa sun fi son Baƙar Fata wanda bai yi makaranta ba, domin shi ne ya dace da hoton Afirka da ke cikin kansu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tun da masu sayen ayyukan galibi baƙi ne, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na kamfanoni a Legas. Sai dai sukar ta manta da abu guda. Kwana biyar ɗin nan ba su ne farkon horon mutanen ba. Wanda ya yi shekara talatin yana duban yadda ƙarfe ke lanƙwasa, ko ya saba da auna haske a dandali, ba za a kira shi ɗanye ba.

Haɗarin da ya fi wannan girma ya bayyana ne bayan Beier da Georgina sun bar Nijeriya a ƙarshen 1966. Kasuwa ta buɗe, kuɗi suka shigo, masu kwaikwayo suka yi yawa, har wasu daga cikin na asali suka shiga maimaita abin da suka ga yana sayuwa. Rijiyar da aka haƙa da sha'awa, ciniki ya so ya ƙafar da ita. Twins Seven-Seven, wanda ya fi kowa suna, shi ya fi kowa ɗanɗana wannan. Ya koma Filadelfiya ta Amurka yana neman sauyi, al'amura suka dagule masa, har ya koma ƙananan ayyukan ƙwadago, mutumin da manyan gidajen adana kayan fasaha ke riƙe da zanensa. Sai da wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gargajiya ya gane ko wane ne shi, ya ba shi ɗaki da kayan aiki, sa'an nan ya sake zama ya kama zane, yana da shekara kusan sittin. A 2005 UNESCO ta naɗa shi Mai Fasaha don Zaman Lafiya, ya kuma rasu a Ibadan a 2011.

A Oshogbo kuwa, Nike Davies-Okundaye, wadda ta koyi saƙa da rinin adire a wurin kakanninta mata a Ogidi, ta buɗe cibiya a 1983 inda ake koya wa matasa da mata sana'ar hannu kyauta, ba tare da an nemi takardar shaidar makaranta ba.