Daga Randar Burukutu Zuwa Ledar Aljihu

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta masu kantin giya a unguwa. Mai kanti zai ware yamma ɗaya, ya buɗe 'yan kwalabe, ya zuba wa masu saye kaɗan kaɗan su ɗanɗana kafin su zaɓa. Wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, da ke da ƙaramin kanti a Paris, ya yi suna da haka. Shi ne ya shirya gasar ɗanɗano ta 24 ga Mayu 1976, inda alƙalai Faransawa, ba tare da ganin sunan kwalba ba, suka fifita giyar inabin Kalifoniya a kan ta ƙasarsu. Ba wanda zai je Karakara ko Gaya ta Nijar neman irin wannan kanti, kuma addininmu ya rufe ƙofar tun a Suratul Ma'ida. Sai dai wanda ya ce ƙasar Hausa ba ta taɓa sanin giya da ɗanɗanonta ba, bai tambayi tsofaffi ba.

Tarihin Kano ma bai ɓoye ba. A cikin manyan mutanen Barbushe na Dutsen Dala an ambaci maƙeri, an ambaci mai magani, an kuma ambaci Bugazau, mai dafa giya. A ƙasar Arewa, wadda Karakara ke cikinta, da ƙauyukan Aznan Maradi da Maguzawan Kano da Katsina, a da giyar hatsi tana cikin hidimar gida. Ana dafa ta don gayya, a ba majiya ƙarfi da suka taru a gonar mutum. Ana dafa ta don biki, ana kuma zuba ta a wuraren tsafi. Baturen Amurka Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya wallafa bincikensa a 1946, ya tarar da wannan al'ada da ranta.

Aikin na mata ne, kuma ba na raggo ba. A jiƙa dawa, a shanya ta a rufe har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, a sake dafawa, sannan a bar ta a randa ta tashi. Kwanaki ake yi a kai. Idan ta nuna kuma ba ta jira: kwana ɗaya ko biyu ta yi tsami ta lalace. Kowace randa da halinta, ta yau daban da ta makon jiya ko da hannu ɗaya ya dafa. Shi ya sa mai saye ba ya fitar da kuɗi sai an ɗebo masa kaɗan a ƙoƙo ya kurɓa. Har yanzu haka ake yi a gidajen burukutu na Filato da kudancin Kaduna, da rumfunan cukutu na arewacin Benin, da na dolo a Burkina Faso. Mai dafawa sananniya ce, kowa ya san gidanta da mijinta. In ta ɓata randa, kasuwa za ta hukunta ta kafin rana ta faɗi.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ne ya fara tura randar bayan gari a ƙasashen da Sakkwato da Gwandu suka mulka. Arewa da Kabi sun daɗe suna turjiya ga daular, don haka tsofaffin al'adu suka fi jimawa a wannan yanki. Musulunci ya ratsa ƙauyukan ne a hankali, ta hannun malamai da fatake, mafi yawa a ƙarni na 20.

Turawa kuwa sun zo da fuska biyu. Yarjejeniyar Birasel ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Gwamna Lugga ya kafa wannan hani a Arewacin Najeriya tun 1900, alhali gwamnatin Kudu tana cika baitulmali da harajin barasar jin da ake saukewa a Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911 aka yi Sabon Gari don baƙi, nan kwalba ta sami masauki. Hanin dai ya zama na wuri: an san inda ake sha, an san inda ba a sha.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka shigo. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da Star a Ikko a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963. A Yamai aka kafa Braniger a 1967, mai Bière Niger da raƙumin dawa a jikin kwalba, dabbar da matafiyi kan hango a Kure kan hanyar Dosso. Kwalba ta kashe ɗanɗano, domin ta farko da ta dubu duk ɗaya suke. Ta kuma raba sana'ar da mata, ribar ta koma aljihun kamfani da na hukuma. Masu shan ma suka canja: ma'aikatan gwamnati, sojoji, da direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar Kwatano su haye gadar Malanbil zuwa Gaya.

A 1999 gwamnan Zamfara Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'a, jihohi suka bi, har da Kabi wadda garin Kamba ke kallon Gaya daga cikinta. Hukuncin mashayi bulala 80 ne a mazhabar Malikiyya. Nijar ba ta haramta sayarwa a dokarta ba, sai mashaya da masu gidajen giya suka riƙa tsallakowa garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni. Jama'a ba su yi shiru ba: a Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona mashayu a Maradi. A Kano, Hisbah ta murƙushe kwalabe kusan 240,000 a rana ɗaya a Nuwamba 2013.

Ina ganin dokar shari'a ta yi aikinta a fili, ta bar baya da ƙura a ɓoye. Randa ba ta ɓoyuwa, warinta ma ya isa ya tona ta. Katan ɗin kwalabe sai da mota. Abin da ya gaje su shi ne barasar leda, mai ƙarfi ninkin na burukutu sau da yawa, mai arha, mai shiga aljihun ɗan kabu-kabu ba tare da mahaifinsa ya gani ba. Ga kuma ogogoro da ba a san wanda ya haɗa ba, irin wanda ya hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015 saboda gubar metanol. A gefensu ga taramol da maganin tari. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar da hana barasar leda a farkon 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, aka yi ta jan ƙafa.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar Gaya, mutane da kaya suka koma kwale-kwale, kuma ƙaramin kaya ya fi sauƙin haye ruwa. Iyaye da malamai da masu gari na Karakara da kewaye, ku daina neman randa a bayan gari, ta yi ƙaura tuntuni. Ku duba teburin mai kayan masarufi a tasha da aljihun yaran da ke dawowa daga kasuwannin iyaka.