Gifford Pinchot, mai tsaron dajin Amurka

Jama'a, a yau za mu ba ku labarin wani Ba'amurke wanda ya yi suna saboda itatuwa. Sunansa Gifford Pinchot. An haife shi a shekarar 1865. Asalin gidansu daga Faransa ne, kuma kakansa ya tara dukiya wajen saran itace da saidawa.

A lokacin nan, dajin Amurka yana ƙarewa. Masu kuɗi su sare gandu kaf, su yi gaba, su bar ƙasa tsirara, ruwa ya kwashe ta. Ubansa ne ya ba shi shawara ya koyi aikin daji. Da yake babu lakkol ɗin wannan aiki a ƙasarsu, sai ya tafi birnin Nansi na Faransa, ya yi karatu.

A 1898 gwamnati ta ɗauke shi aiki. A 1905, zamanin shugaba Theodore Roosevelt, aka kafa ma'aikatar gandun daji ta ƙasa, aka naɗa shi shugabanta na farko. Cikin shekara biyar, faɗin gandayen gwamnati ya ninka wajen sau uku.

Pinchot bai hana shiga daji ba. Ra'ayinsa shi ne a sari itacen da ya ƙosa, a bar ƙanana su girma. Makiyaya su yi kiwo, amma da takardar izini, a ƙidaya dabbobi, a biya kuɗi. Makiyaya suka yi gunaguni, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. Wasu kuma suka ce ya yi sassauci da yawa, domin tumaki suna cinye tsiro. Shi dai bai sauya ba.

Da shugaba Taft ya hau mulki, sai rigima ta tashi a kan filayen gawayin ƙasa na yankin Alaska. Pinchot ya fito fili ya zargi ministan cikin gida, Ballinger, da taimakon ƴan kasuwa. A watan Janairu 1910 aka kore shi daga aiki.

Bai zauna gida ba. Jama'ar jihar Fensilbaniya suka zaɓe shi gwamna har sau biyu, daga 1923 zuwa 1927, da kuma 1931 zuwa 1935. A karo na biyu ya sa jiha ta ɗauki nauyin hanyoyin karkara, wajen kilomita 32.000, aka shiga zuba musu kwalta, domin manomi ya daina kafewa cikin taɓo idan zai kai kaya kasuwa. Ya rasu a 1946, yana da shekara 81.