Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse: Yadda Ake Ganinsa Daga Ƙasar Yawuri

Gardama ce ta haifi wannan maƙala. Wata rana da dare muna hira a ɗakin kwananmu, sai wani abokina mutumin Kwantagora ya ce in ana lissafin sarakunan da suka ƙi miƙa wuya ga Turawa, to, tilas a sa Ibrahim Nagwamatse a sahun gaba, kusa da Sarkin Musulmi Attahiru. Na yi jim ban tanka ba, domin ni a gidanmu, can ƙasar Ngaski, ba da wannan fuska na san sunan ba. In yaro ya cika yawon dare, kakata cewa take yi, "Kai, shigo gida kada Nagwamatse ya kwashe ka!" Ita ma ba ta ga zamanin ba, a bakin tata kakar ta ji.

Bari mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse ne, shi kuwa Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, ɗan Shehu Usmanu. Umaru ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kwantagora wajen 1864, ya rasu a 1876. Ibrahim ya hau a 1880, bayan ɗan'uwansa Modibbo. Shekara ashirin dawakinsa suna kai hari a ƙasashen Gwari da Kambari da Dakarkari da gabashin Yawuri. A watan Janairu na 1901 sojan Lugga suka ci Kwantagora, Ibrahim ya yi arewa da jama'arsa, aka kama shi a ƙasar Zazzau a 1902, aka kai shi zaman gudun dole. Sa'an nan a 1903 Turawan nan dai suka mayar da shi gadonsa, ya zauna har ya rasu a 1929.

To, daga nan ne hanya ta rabu biyu. Hujjar abokina ita ce, yawancin abin da aka rubuta game da Ibrahim daga alƙalamin abokan gabansa ya fito. Wannan gaskiya ne, ban kuwa musa masa ba. Lugga yana bukatar dalilin da zai kai wa mutanen Ingila don su yarda da yaƙinsa, ba kuwa dalilin da ya fi cinikin bayi shiga kunnensu. Har maganar nan da ake yawan jingina wa Ibrahim, wai ya kwatanta kansa da kyanwar da ba ta iya barin kamun ɓera, ta bakin tafinta ta bi kafin ta kai takardar Bature. Daɗin daɗawa, in har Lugga ya gaskata duk abin da ya rubuta, me ya sa ya mayar da mutumin nan kan mutanen da ya ce ya zo ceto? Amsa ita ce, ya ga ƙasar ba ta mulkuwa sai da shi, kuma yana neman faranta wa gidan Sakkwato. Wato ba ta talakan Kambari ake yi ba.

Amma fa, mai karatu, ƙaryata mai ƙara bai wanke wanda ake ƙara ba. A ajiye rahoton Lugga gefe, akwai wasu shaidu da ba su taɓa jin Turanci ba. Akwai kufai a ƙasar Kambari, akwai ƙauyukan da suka bar fili mai albarka suka maƙale a duwatsu da cikin kurmi, akwai kuma waɗanda suka tsallaka gungunan Kwara suka fake wurin Gungawa, saboda doki ba ya hawa kwalekwale. Mutum ba ya barin gonarsa ya koma kan dutse don nishaɗi. Ko ta ma'aunin da Ibrahim kansa ya yarda da shi, wato shari'a, akwai tambaya. Yawuri tana cikin amana da Gwandu tun zamanin jihadi, sarakunanta Musulmi ne. Da wane hukunci ake kama talakawan ƙasar da ke cikin amana?

A nan kuma dole in faɗi abin da mu mutanen Yawuri ba mu cika son ji ba. Gidan Nagwamatse bai fasa ƙofa ya shigo mana ba, buɗe masa aka yi. Rikicin gadon sarauta ya raba 'ya'yan sarakunan Yawuri a ƙarni na 19, wani ɓangare ya nemi gudummawar Umaru, shi kuwa da ya shigo bai fita hannu wofi ba. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma manyanmu su ma suna da bayi, kasuwanninmu ma an sayar da mutane a cikinsu. Wanda ya karanta binciken da Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi a 1968 kan Yawuri a wancan ƙarni, zai ga irin raunin da mulkin ƙasar ya yi kafin Kwantagora ta kai ƙarfinta.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, Ibrahim jarumi ne, ya kuma ƙi Bature da farko, amma abin da yake karewa a 1901 ya haɗa har da ikonsa na kai hari kan irin su kakannina. Ba na yarda a yi amfani da shekara ɗaya ta yaƙi da Turawa a shafe shekara ashirin da suka gabace ta, balle ga shekara ashirin da shida da ya yi yana mulki a ƙarƙashin tutarsu. Abokina ya ce ina auna mutumin jiya da mudun yau. Na ce a'a, da mudun matar da aka raba da ɗanta nake aunawa, ita kuwa a zamanin take, ba ta jira wani ɗalibin jami'a ya gaya mata an cuce ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shaidun wannan ɓangare suna ƙarewa. Fada tana da maroƙa da marubuta, Bature yana da ma'ajiyar takardu a Kaduna, Bakambare da Bagunge da Bashange kuwa sai tsofaffi da kufai. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000, gungunan nan da yawa suka nutse da kaburburansu da tsoffin gidajensu. Kakata tana amarya lokacin da aka kwashe su zuwa sababbin gidajen siminti. Hutun da ya wuce na roƙe ta ta nuna mini inda kakarta ta ɓuya. Muka je bakin tafki kusa da Wara, ta daɗe tana duba, sa'an nan ta miƙa hannu wajen wani masunci da ke jefa birgi can tsakiyar ruwa, ta ce, "Wajen can ne, in ban ɓata ba."