Tarihin Raba Kwamfuta Ɗaya Gida-gida

Tun a shekarar 1972, sa'ad da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da manhajar VM/370, ma'abota ilimi suka tabbatar cewa babbar kwamfuta guda tana iya rabuwa gida-gida, kowane kaso yana aiki tamkar na'ura mai zaman kanta. Da kamfanin VMware ya kawo wannan hikima kan ƙananan injuna a 2001, sai kamfanoni suka tattara ayyukansu cikin injuna kaɗan, kuɗin lasisin manhaja da ake hisabinsa bisa yawan ƙwaƙwalen injin ya ragu ainun. Amma fa masu manhaja ba su yi sake ba, domin bayan kamfanin Broadcom ya sayi VMware a 2023, an daina sayar da lasisin dindindin na VMware, al'amarin ya koma haya.