Tarihin Taswirar Intanet da Wahalar Zana Ta

Abin da muke kira intanet ba hanya guda ba ce. Tarin hanyoyin sadarwa ne masu cin gashin kansu, kowace da mai ita da lambarta, yau sun haura 70,000. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: wace ce ke haɗe da wace?

Da fari babu wata wahala. A ƙarshen 1969 ARPANET, wadda ita ce mafarin abin, tasha huɗu gare ta a Amurka: Los Angeles, Stanford, Santa Barbara da Utah. Takarda ɗaya ta ishe ta, domin waɗanda suka shimfiɗa hanyar su ne ke zana ta. Amma da aka rufe NSFNET a 1995, watau babbar gwadaben da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, al'amari ya koma hannun kamfanoni, sai ya zama babu wanda ke riƙe da labarin duka. Daga nan taswira ta zama abin bincike.

Dabara biyu aka dogara a kansu. Ta farko ita ce traceroute, wadda Van Jacobson ya rubuta a 1987. Akan aika ɗan saƙo a ƙayyade masa zango ɗaya, in ya ƙare na'urar da ya mace a hannunta ta aiko da sanarwa, sa'an nan a aika wani mai zango biyu, haka har a san kowane masauki. Da irin wannan Bill Cheswick da Hal Burch suka zana taswirorinsu a Bell Labs tun daga 1998. Ta biyu kuwa sauraron BGP ne, ƙa'idar da Yakov Rekhter da Kirk Lougheed suka tsara a 1989, wadda da ita kowace hanya ke shaida wa maƙwabtanta inda za ta iya kai saƙo. Jami'ar Oregon ta kafa Route Views don tara waɗannan sanarwoyi.

To, a nan gizo ke saƙar. A 1999 'yan'uwa uku, su Faloutsos, suka nuna cewa hanyoyi kaɗan ne ke da ɗimbin mahaɗai, mafi yawa kuwa ƙalilan gare su. Magana ta karɓu ƙwarai, har wasu suka nuna cewa mai leƙe daga wurare kaɗan tilas ya ga na kusa da shi sarai, na nesa dishi-dishi. Mu ɗaliban harshe mun san wannan ciwo: wanda ya tambayi Kanawa kaɗai ba ya zana taswirar karin harshen Hausa.

Wani dalilin kuma na ciniki ne. A 2001 Lixin Gao ta bayyana yadda za a gane wa ke biyan wa, da kuma su wa ke musayar saƙo kyauta a matsayin tsara. Mahaɗar tsara da tsara ba a shelarta ga kowa, sai ga abokan cinikinsu, don haka mai sauraro daga nesa ba ya jin labarinta. A 2012 aka bincika wata babbar cibiyar musaya guda ɗaya a Turai, aka iske mahaɗai irin wannan fiye da 50,000, alhali kuwa adadin da aka sani a duniya duka bai kai haka ba. A ganina wannan bincike ya fi na 1999 nauyi, ko da yake bai kai shi suna ba, domin ya nuna cewa taswirorin da aka yi shekara goma sha ana gina hujja a kansu sun tsallake mafi yawan irin waɗannan mahaɗai.